Tsirkiya, Soso da Kunne: Sirrin Amon Bes a Tsohon Kiɗan Ska

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauraren tsofaffin fayafayan kiɗan ska na ƙasar Jamaika, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1960 da 1966, zai lura da wani amo mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin bushe-bushe da ganguna, taku bayan taku, kamar tafiyar raƙumi a kan rairayi. Amon ba shi da kaifi, ba ya ƙara irin ta ƙarfe, kuma ba ya daɗewa. Da ya faɗo sai ya mutu, wani ya maye gurbinsa. Wannan shi ne amon bes, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu wanda ke riƙe da sautin ƙasa-ƙasa a cikin ƙungiyar makaɗa.

Fiye da rabin ƙarni bayan nan, matasan makaɗa a ƙasashe da dama suna ta fafutikar samun wannan amo a jitar bes ta lantarki. 'Yan kasuwa kuwa ba su yi barci ba. Ana tallar tsofaffin jitoci a kan kuɗi masu tsoratarwa, ana ƙera sababbi a kankare musu fenti don su yi kama da tsofaffi, ana kuma sayar da ƙananan na'urori iri-iri da alkawarin cewa a cikinsu amon jiya yake. Saurayi sai ya tara abin da ya samu shekara guda ya zuba, ya dawo gida ya kunna, ya ji ba abin da yake nema ke nan ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa an kai neman inda ba a ajiye ba. Amon bes na tsohon ska aikin ragewa ne: rage kaifi, rage tsawon ran sauti, rage ƙarfi. Abubuwan da ke yin wannan ragewa kuwa su ne tsokar yatsa, da irin tsirkiya, da guntun soso, sa'an nan da yadda aka halicci kunnen ɗan Adam. Ilmin fiziya da ilmin halittu duk suna da abin cewa a nan.

Inda Amon Ya Samo Asali

Ska ya tsiru ne a birnin Kingston a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma bunƙasa daidai lokacin da Jamaika ta sami 'yancin kanta daga Ingila ran 6 ga Agusta, 1962. Tushensa uku ne: kiɗan gargajiya na tsibirin da ake kira mento, da kiɗan jaz, da kuma kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka, musamman na birnin New Orleans. A wancan lokaci masu manyan lasifikoki, irin su Clement Dodd wanda aka fi sani da Coxsone, da Duke Reid, da Prince Buster, sukan kafa kayansu a dandali su sa faifai jama'a su yi ta rawa. Da irin fayafayan Amurka da jama'a ke so suka fara ƙaranci, sai suka shiga ɗaukar nasu da makaɗan gida. A 1963 Dodd ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti na Studio One a titin Brentford.

Tsarin kiɗan yana da sauƙin ganewa. Bes yana taka kowane bugu, huɗu-huɗu a gaɓa, yana hawa yana sauka. Jita da piyano, wani lokaci har da bushe-bushe, su kuma sai su riƙa saran gajeren sauti a tsakanin bugu da bugu. Wannan sara na tsakani shi ne tambarin ska, shi ke sa ƙafa ta motsa.

Abin da masu neman amon kan manta shi ne cewa mafi yawan fitattun fayafayan ska na farko ba da jitar lantarki aka kaɗa su ba. Da ƙaton bes na katako aka yi su, wanda ya kai tsawon mutum, ake tsayar da shi a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. Shi Cluett Johnson ya kaɗa a ƙungiyarsa ta Blues Blasters. Shi kuma Lloyd Brevett, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2012, ya kaɗa a ƙungiyar Skatalites da aka kafa a 1964 ta watse a 1965. Brevett ya koyi kaɗa wannan abu, har ma da ƙera shi, a wurin mahaifinsa. Amonsa ake ji a faifan "Guns of Navarone", kuma makaɗan da suka haɗu suka zama Skatalites su ne suka raka matasan Wailers a waƙar "Simmer Down" wadda ta yi tashe a 1964.

Jitar bes ta lantarki, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1951 da sunan Precision, ta shiga tsibirin ne wajajen 1959 zuwa 1960, kuma Byron Lee ake danganta wa shigo da ita. Amma ba ta karɓe fage sosai ba sai a 1966, lokacin da kiɗan ya rage gudu ya koma abin da ake kira rokstedi, inda irin su Jackie Jackson da Leroy Sibbles suka yi suna. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A 1979 kuma wasu matasa a garin Coventry na Ingila, ƙarƙashin tambarin 2 Tone, suka farfaɗo da ska da gudu da kaifi fiye da na asali.

Ke nan mai neman amon farko a jitar lantarki ya kamata ya san abin da yake roƙo: so yake dunƙulallen katako ya kwaikwayi akwatin katako mai rami. Kama da wane ba ta wane. Amma ana iya kusantowa ƙwarai, in aka gane inda bambancin yake.

Abin da Tsirkiya ke Yi

Sauti ba komai ba ne illa girgizar da ke tafiya cikin iska. Ana auna shi da yawan kaɗawa a sakan ɗaya, kuma ma'aunin shi ake kira haz. Tun a 1636 masanin nan ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya bayyana cewa abubuwa uku ke yanke saurin kaɗawar tsirkiya: tsawonta, da ɗaurewarta, da nauyinta. Doguwa, mai nauyi, mai sassauci, ita ke ba da sautin ƙasa. Jitar bes da aka saba gani tsirkiyarta na da tsawon inci 34, wato kimanin santimita 86, kuma tsirkiyoyinta huɗu suna kaɗawa sau 41 da 55 da 73 da 98 a sakan. Ƙaton bes na katako ma a kan waɗannan sautuka huɗu ake ɗaure shi, ko da yake tsirkiyarsa ta haura mita ɗaya.

To, in yawan kaɗawa ɗaya ne, me ya sa amo ya bambanta? Dalili na farko shi ne tsirkiya ba ta fitar da sauti guda. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, a lokaci guda kuma tana kaɗawa rabi-rabi, da kashi uku-uku, da huɗu-huɗu, har abin da ya yi sama. Kaɗawar gaba ɗaya ita ce uwar sauti, sauran kuma 'ya'yanta. Alal misali, tsirkiya mai haz 55 tana tafe da 'ya'ya masu haz 110 da 165 da 220 da 275. In 'ya'yan sama-sama suka yi ƙarfi sai amo ya yi kaifi kamar ƙarfe. In suka yi rauni sai ya yi kauri da laushi.

Dalili na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga ska, shi ne rayuwar sautin: yadda ya fara da yadda ya mutu. A ƙaton bes, tsirkiya tana zaune a kan dogon jaki wanda ke miƙa girgizarta ga siririn allon katako, allon kuma ya tura iska. Ƙarfin da yatsa ya zuba yana ficewa da sauri, saboda haka sai a ji wani dum mai nauyi da farko, nan da nan ya dusashe. Daɗin daɗawa, makaɗa da yawa na wancan zamani a duniya suna amfani da tsirkiyar hanjin tumaki, wadda aka murɗa daga zaren furotin da ake kira kolajin; irin wannan zare yana shanye girgizar sama-sama a cikin jikinsa fiye da ƙarfe. Jitar lantarki kuwa da gangan aka yi ta dunƙulalliya don kada ƙarfin ya fice. Tsirkiyar ƙarfe ta ci gaba da kaɗawa a kan maganaɗisu, maganaɗisun ya mai da kaɗawar wutar lantarki, sauti ya yi ta jan rai na sakan da yawa. Abin da masu ƙera ta suka ɗauka nasara, shi ne cikas ga mai neman amon ska.

Cewa farkon sauti da ƙarshensa su ne ke bayyana abin kiɗa, an daɗe da tabbatar da shi. A 1948 Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa, ya lura cewa in aka yanke farkon ƙarar ƙararrawa a faifai, abin da ya rage ba ya kama da ƙararrawa, sai ya koma kamar abin busa.

Abin da Kunne ke Yi

Sauti ba ya zama amo sai ya shiga kunne, kuma a nan ne ilmin halittu ya shigo. Girgizar iska tana bugun dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su karɓa su miƙa ta ga wani bututu mai cike da ruwa wanda ya naɗe kamar katantanwa. In aka warware wannan katantanwa tsawonta kimanin milimita 35 ne. A cikinta akwai wani tantani da ya shimfiɗu daga baki har ƙurya. A bakin siriri ne mai tauri, a ƙurya kuwa mai faɗi ne da laushi. Georg von Békésy, wanda ya sami lambar Nobel a 1961, shi ya nuna cewa kowane sauti yana ta da igiya a kan wannan tantani, igiyar ta taso daga baki ta yi tafiya har inda ta dace da ita. Sautin sama-sama yana tsayawa kusa da baki, sautin ƙasa-ƙasa kuwa sai ya ratsa duk tsawon hanya ya isa ƙurya. Ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ke zaune a kan tantanin. Wasunsu ke mai da motsin saƙo su aika wa ƙwaƙwalwa ta jijiya, wasu kuma suna ƙara wa motsin ƙarfi.

Daga wannan tsari abubuwa uku suka fito waɗanda ya kamata kowane makaɗin bes ya sani.

Na farko shi ne danniya. Tun da igiyar sautin ƙasa sai ta bi ta unguwar sautin sama kafin ta isa gida, in ta yi ƙarfi takan dame wurin, ta hana a ji na saman sosai. Sautin sama kuwa ba ya zuwa ƙurya, balle ya dami kowa a can. Wegel da Lane sun auna wannan a 1924. A ɗauka ana kaɗa ska da bugu 120 a minti: kowane takun bes yana da rabin sakan, saran jita kuma yana faɗowa bayan rubu'in sakan. In sautin bes yana nan da cikakken ƙarfinsa a wannan lokaci, zai zauna a kan saran, ya kuma haɗe da takun da ke biye, kiɗa ya cakuɗe. In kuwa ya riga ya fara dusashewa, sai saran ya sami fili ya fito fes. Gajeren ran sautin Brevett shi ne ya bar wa abokansa wurin tsayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu shi ne raunin kunne a ƙasa-ƙasa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga haz 20 zuwa 20,000, amma ba daidai wa daida ba. Fletcher da Munson sun nuna a 1933 cewa ya fi saurin kama sautin da ke tsakanin haz 2,000 da 5,000. Sauti mai haz 41 kuwa sai ya fi mai haz 1,000 ƙarfi da sama da desibel 40 kafin kunne ya fara jin ɗuriyarsa.

Na uku shi ne abin al'ajabi. In aka cire uwar sauti ɗungurungum aka bar 'ya'yanta, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da jin uwar. Wato in kunne ya sami haz 110 da 165 da 220, sai ƙwaƙwalwa ta lura cewa tazararsu 55 ce, ta ji sautin haz 55 wanda babu shi a iska. August Seebeck ya fara lura da haka a 1841, J. F. Schouten kuma ya zurfafa bincike a kai a ƙarshen shekarun 1930. Shi ya sa ake iya bin tafiyar bes a ƙaramar rediyo wadda lasifikarta ba ta iya fitar da sautin ƙasa. Darasin shi ne, naman amon ska yana wajen 'ya'yan farko ne, daga haz 80 zuwa ɗari uku ko huɗu. Wanda ya murɗa maɓallin ƙasa-ƙasa har ƙarshe don neman nauyi, gurnani kawai zai samu, taku ya ɓace a ciki.

Matakai Biyar Masu Arha

Da wannan bayani, hanyar ta fito fili. Abin da ake bukata shi ne a kashe 'ya'yan sama-sama, a gajarta ran sauti, a bar dum ɗin farko.

Mataki na farko shi ne tsirkiya. Tsirkiyar bes zaren ƙarfe ce a ciki da aka naɗe da wata waya. Akwai mai naɗin zagayayyiyar waya, wadda in aka shafa ta za a ji kunya-kunya kamar gona. Akwai kuma mai naɗin shafaffen ƙarfe, sumul. Mai kunyoyi ta fi kaifi da jan rai, kuma ba ta yaɗu ba sai daga tsakiyar shekarun 1960, bayan kamfanin Rotosound na Ingila ya inganta ta tare da makaɗin nan John Entwistle. Kafin nan sumul ɗin ce ke zuwa a kan jitocin Fender. Ita ce ta dace da ska. Kuma tsohuwa ta fi sabuwa, saboda dalilin da ɗalibin ilmin halittu zai gane nan take: fatar mutum kullum tana zubar da matattun ƙwayoyin halitta, tana fitar da gumi da maiƙo, waɗannan kuwa suna shiga tsakanin naɗin su cushe, su riƙa shanye girgizar sama-sama. Abin da wani ke kira datti, shi ne yaji a wannan miya.

Mataki na biyu shi ne soso. A yanki guntun soso mai laushi a cusa shi ƙarƙashin tsirkiyoyi, jingine da jaki. Soson yana matsewa yana sakewa da kowace kaɗawa, yana mai da girgiza ɗumi. 'Ya'yan sama-sama sun fi kaɗawa da yawa a sakan, kuma sun fi uwar motsi a kusa da jaki, saboda haka su ke fara mutuwa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce: jitocin Fender na shekarun 1950 da 1960 da abin danne tsirkiya a wajen jaki suke fitowa daga masana'anta, makaɗan baya ne suka riƙa cire shi suna yarwa. Sai dai a kula, in soson ya yi kauri ya matse da yawa, zai gajarta tsirkiya sautin ya hau sama da inda aka ɗaure shi. A rage shi kaɗan-kaɗan har kunne ya gamsu.

Mataki na uku shi ne wurin fizga. Tsirkiyar da aka fizga kusa da jaki tana ta da 'ya'ya da yawa. Wadda aka fizga kusa da tsakiya uwar ce ke rinjaye. Ƙarshen wuyan jita yana kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon tsirkiya daga jaki, kuma a nan ya kamata hannu ya zauna. A jita mai maganaɗisu biyu, a buɗe na kusa da wuya a rufe na kusa da jaki, saboda wannan dalili ɗaya.

Mataki na huɗu shi ne yatsa kansa. Kan yatsa matashi ne na kitse da zaren kolajin da fata ta lulluɓe. Yana da faɗi da laushi, yana sakin tsirkiya a hankali, don haka ba ya ta da girgizar da zangonta ya fi faɗinsa gajarta. Farce ko ɗan faifan roba kuwa suna saki farat ɗaya, kaifi ya tashi. Makaɗin ƙaton bes yakan kwantar da yatsa ya ja da gefensa, inda tsoka ta fi yawa. Mai jita ma zai iya yin haka, ko ya yi amfani da gefen babban yatsa. Tsofaffin jitocin Precision har wani ɗan mariƙi gare su a ƙarƙashin tsirkiyoyi, inda sauran yatsu ke kamawa yayin da babban yatsa ke aiki. Hannun hagu ma yana da nasa rabo: da zarar ya sassauta danna tsirkiya, sauti ya mutu. Da wannan sassautawa ake auna tsawon kowane taku, kuma ita ce ba ta samuwa sai da yau da gobe.

Mataki na biyar shi ne maɓallai. Maɓallin amo na jita wata 'yar kafasita ce da ke karkatar da sautin sama-sama kafin ya fita. A murɗa shi baya. A amfilifaya a rage sama, a bar ƙasa a tsakiya, a ɗan ɗaga na ƙasa da tsakiya. Wannan mataki shi aka sa a ƙarshe da gangan, domin maɓalli yana iya rage kaifi, amma ba ya iya gajarta ran sauti.

Hujjar Masu Cewa Sai Tsohon Kaya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu wannan ra'ayi sukan ce amon da ke faifai ya bi ta hanyoyi da yawa kafin ya iso kunne, kuma gaskiya suka faɗa. Ya bi ta makirufo, ta amfilifaya mai kwalaben lantarki, ta tef. Kwalabe da tef, in aka matsa musu, sukan danne ƙololuwar sauti su ƙara masa 'yan 'ya'ya, abin da kunne ke ji kamar ɗumi. A farkon Studio One makaɗa duka a ɗaki ɗaya suke kaɗawa lokaci guda, na'ura mai layi ɗaya tana ɗauka, sautin kowa yana shiga makirufon kowa. Sa'an nan a yanka shi a ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti, inda dole a rage ƙarfin sautin ƙasa don kada allura ta yi tsalle, a maido da shi wajen saurare. Duk waɗannan sun bar alamarsu.

Amma wannan hujja, in aka bi ta zuwa ƙarshe, ta juya wa masu ita baya. In ɗaki da tef da faifai da haɗuwar mutane tara ko goma ne suka gina amon, to sayen jitar 1962 ba zai dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba. Bugu da ƙari, ita kanta jitar ba ita Brevett ya riƙe ba.

Akwai kuma batun yadda ido ke yaudarar kunne. A 2012 Claudia Fritz da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da ƙwararrun masu gogen Turawa 21. An ba su goge shida, uku sababbi, uku tsofaffi na Stradivari da Guarneri masu darajar miliyoyin daloli, an kuma hana su ganin wanne ne wanne. Wanda aka fi zaɓa sabo ne, kuma makaɗan ba su iya rarrabe tsoho da sabo da tabbaci ba. Gwajin a kan goge aka yi shi, ba a kan bes ba, amma ƙwaƙwalwar da ta yi hukuncin iri ɗaya ce da ta kowa. Abin da mutum ya sa rai zai ji yana canza abin da yake ji. Duk mai niyyar kashe kuɗi, ya fara sa aboki ya kaɗa masa jita biyu a bayan labule, masu tsirkiya iri ɗaya da soso iri ɗaya, sau goma a cakuɗe, ya rubuta amsoshinsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kayan Aikin da Ba a Sayar da Madadinsa

Akwai wata asara da ta fi ta kuɗi. Tun da kunne ba ya saurin kama sautin ƙasa, makaɗin da bai gamsu da amonsa ba yakan ƙara murya, mai ganga ya ƙara, mai jita ya ƙara, ɗakin gwaji ya zama maƙera. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka gindaya ita ce desibel 85 na awa takwas. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 kawai ya rage. Ƙwayoyin nan masu gashi in suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam, ko da yake a ƙarshen shekarun 1980 an gano cewa tsuntsaye suna maido da nasu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa kimanin matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Amo gajere mai nama a tsakiya ana jin sa ba tare da an ƙure murya ba. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Makaɗan Kingston na shekarun 1960 ba su fita neman amon da ba. Sun yi aiki da abin da ke hannunsu, cikin ƙarancin kaya da ƙarancin lokaci, suna sauraren juna. Jingina abin da suka yi ga wata na'ura tauye musu haƙƙi ne. Wanda ke son ya bi sawunsu ya nemi tsirkiya sumul, ya yanko soso a ɗakin girki, ya matsar da hannunsa wajen wuya, ya rage murya. Sa'an nan ya sa faifan Skatalites, ya toshe hankalinsa daga bushe-bushe, ya bi Brevett taku bayan taku, yana lura da inda kowane sauti ya ƙare fiye da inda ya fara. Sauran kuɗin ya ajiye su don sayen matoshin kunne da biyan malamin kiɗa.